Otal ɗin da Ƙasansa Mashaya Ce

Ni tsohon ɗalibin makarantar nan ne, a sashen ma'adinai na yi ND da HND, daga baya Allah Ya ba ni damar ƙaro karatu a Ostireliya. Ƙannena da ke turo mini saƙo, tambayarsu ba ta wuce biza da kuɗin makaranta. Ba wanda ya taɓa tambayata inda mutum zai kwana idan dare ya riske shi a hanya kuma aljihunsa ba nauyi. To ni wannan ce ta fara kama ni, shi ya sa na ga gara in ba ku labarin tun kuna gida.

A watan Yuli ne, lokacin da hunturu ya kankama a can, domin yanayinsu kishiyar na Turai ne. Mu uku muka yi karo-karo muka ɗauki hayar mota daga Sidni za mu Broken Hill, garin da aka gano azurfa da dalma a 1883, inda kamfanin BHP ya samo asali a 1885. Ga ɗalibin ma'adinai, wurin zuwa ne. Tafiyar ta haura kilomita 1,100, wato ta fi nisan Kano zuwa Legas. Mun wuce Dubbo, muna dosar Cobar, rana ta fara ja, sai direbanmu, wanda ɗan ƙasar ne, ya ce ba zai ƙara gaba ba. Dalilinsa kangaru. Da magariba da asuba suke fitowa bakin titi, kuma babba ɗaya ya isa ya ragargaza gaban ƙaramar mota a dajin da ko sabis na waya babu.

Muka shiga wani ƙaramin gari, ya faka a gaban wani tsohon bene mai doguwar baranda, an rubuta otal ɓaro-ɓaro a goshinsa. Na sunkuci jakata ina murna. Ina tura ƙofa, warin giya ya tare ni. Ga doguwar kanta, ga manoma da direbobin tirela kowa da kofinsa, ga talabijin ana kallon tseren dawaki. Na ja da baya na ce wa abokina, "Kai, ina ka kawo mu? Nan ai mashaya ce." Ya yi dariya ya ce, "Mashaya ce, kuma otal ne. Ɗakunan na sama."

Ga yadda abin ya samo asali. A zamanin da ake tafiya da keken doki, dokokin lasisin sayar da giya a yankunan ƙasar sun wajabta wa mai mashaya ya tanadi ɗakunan kwana da abinci domin matafiya. In ba ka da ɗakin baƙi, ba ka da lasisi. Shi ya sa har gobe mashayar gari sunanta otal, ko da cinikin ɗakunan bai taka kara ya karya ba. Kusan duk garin da ka shiga za ka ga Royal Hotel, ko Commercial Hotel, ko Railway Hotel kusa da tashar jirgin ƙasa. A ƙauyukansu wurin ya zama kamar dandali: nan ake cin abinci, nan ake taro, nan ake jin labarin wanda ke neman ma'aikata a gona. In kuna son misali daga gida, ku tuna zangon fatake, inda matafiyi ke samun makwanci da abinci da labarin kasuwa a wuri guda. Bambancin shi ne abin da ake sayarwa a ƙasan benen.

Nan kuma sirrin arahar yake. Ribar mai wurin daga kanta da kicin take fitowa, a jihar New South Wales har da injinan caca. Ɗakunan sama rara ne kawai. Dala 70 na biya, alhali motel ɗin da ke bakin gari ya nemi kusan ninki biyu, kuma ma ya cika. Amma fa araha ba ta ado. Ɗakina gado ne na ƙarfe, da kabad na katako, da ƙaramin wurin wanke hannu a lungu, da bargon lantarki. Banɗaki da makewayi na tarayya ne, can ƙarshen baranda, na maza daban na mata daban. Duk wanda ya yi zaman hostal ɗinmu, wallahi wannan ba zai ba shi tsoro ba, tunda aƙalla akwai ruwan zafi kuma ba layi.

Abin da ya dame ni ba ɗakin ba ne, shigar ce. Na tsaya a waje kusan minti goma ina shawara da zuciyata. Zaɓi uku ne gabana: mu ci gaba cikin dare mu yi kasada da rayukanmu, in kwana a mota cikin sanyin da ke neman daskarar da ruwa, ko in hau sama. Na koma ciki na sami matar da ke kula da wurin na ce mata ni Musulmi ne, ba na shan giya, ba na kuma son zama inda ake sha. Na ɗauka za ta ɓata rai. Ko a jikinta. Ta miƙo mini mabuɗi biyu ta ce, "Wannan na ɗakinka, wannan na ƙofar gefe. Ta can baƙi ke hawa, ba sai ka ratsa ta nan ba." Ashe da yawan irin waɗannan gine-gine suna da ƙofar baƙi daban, tunda mashayar kan rufe ta bar masu kwana. Ni ba malami ba ne, ba kuma fatawa nake ba ku ba. Wanda zai yi irin wannan tafiya ya zauna da malaminsa tun kafin ya tashi. Abin da na yi kawai nake faɗa.

Sai maganar ciki. Kicin ɗinsu yana da ƙa'idar lokaci, galibi daga shida zuwa takwas na dare. Ka makara, ka kwana da yunwa, domin ba mai shayi a bakin titi, ba mai indomi. Abincin da ya fi tashe a irin wuraren nan soyayyen naman kaza ne da aka lulluɓe da miyar tumatir da cuku. Ga tarkon: sau da yawa akwai yankan naman alade a ƙarƙashin cukun, kuma ba lallai ka gan shi ba. Kifin ma akan kwaɓa fulawar da za a soya shi da giya. Na tambaya dalla-dalla, aka gasa mini kifi zalla da dankali da ganye, na hau da farantina sama. Da safe ma a kula, karin kumallon da ake soyawa da wuya ya rasa naman alade. Burodi da shayi da madara da aka ajiye wa baƙi a ɗan ɗakin zama na sama sun ishe ni.

Da na zo salla na ƙara gane cewa baƙo makaho ne ko da idonsa biyu. Na shimfiɗa sallaya na fuskanci gabas kamar yadda na saba tun ina yaro, sai na tuna ba a gida nake ba, kuma a ɗakina na Sidni alama na yi a bango. Daga Ostireliya alƙibla yamma take, da ɗan karkata zuwa arewa. Buta kuma babu, sai gorar ruwa da na yanke wa baki. Wajen cajin waya ma sai da adafta, don soket ɗinsu ba irin namu ba ne.

Barci ya zo da ƙyar. Daren Juma'a ne, ɗakina kuma daidai saman kanta, katakon daɓen na kawo kiɗa da shewa har kusan sha biyu. Daga nan gari ya yi tsit. Da safe na fito baranda da kofin shayi, titi fetal, hazo ya sauka, na ji kamar ina ƙauyenmu cikin sanyin Janairu. Kafin ƙarfe goma, lokacin da ake son baƙo ya bar ɗaki, mun ajiye mabuɗai mun kama hanya. Ba mu yi tafiyar awa ɗaya ba muka fara ƙirga gawarwakin kangaru da motocin dare suka buge. Ban ƙara yi wa direbanmu gardama ba.

Saboda haka, idan tafiya ta kai ɗayanku can, ku buga waya kafin ku isa, ku yi tambaya huɗu: banɗaki a ciki yake ko na tarayya, akwai ƙofar baƙi daban, ƙarfe nawa kicin ke rufewa, kuma za a sami ɗaki nesa da kanta? 'Yan uwa mata su ƙara da tambayar ko ƙofar ɗaki na kulluwa ta ciki. Idan kuna da hali kuma motel na da wuri, ku tafi can, ya fi kwanciyar hankali. Lambar gaggawa a ƙasar 000 ce, ku riƙe ta. Matambayi dai ba ya ɓata.

Da muka isa Broken Hill, na je na ga ɗan ƙaramin masallacin kwano da Musulmi masu raƙuma, waɗanda ake kira Afganawa, suka gina a ƙarshen ƙarni na 19. Su ma matafiya ne, sun ratsa wannan daji kafin a yi kwalta, kuma sun riƙe sallarsu. Allah Ya ba ku sa'ar jarrabawa, Ya kai ku inda kuke buri lafiya.