Man Kaɗanya Da Kasuwar Kayan Kwalliya A Jalingo

JALINGO: Kamfanonin ƙasashen waje kan haɗa man kaɗanya da launin ma'adinai su yi hoda mai maiƙo da jan-baki, sa'an nan su kawo su kasuwannin Nijeriya da tsada, alhali kuwa itacen kaɗanya yana nan a dazuzzukan Jihar Taraba.

A watan Agusta na 2025 Gwamnatin Tarayya ta hana fitar da ɗanyen ƙwallon kaɗanya har tsawon wata shida, domin a riƙa sarrafa shi a gida. Ga 'yan kasuwar Jalingo, ribar tana wajen sarrafawa.

Sai dai tilas mai wannan sana'a ya yi rajista da hukumar NAFDAC, ya kuma guji kwalli mai dalma, domin dalma guba ce ga jini da ƙwaƙwalwa.