Hoton Batsa na Bogi a Ma'aunin Shari'a

Manhajojin ƙirƙirarriyar basira na iya ɗauko fuskar mace daga hoton biki ko na shafinta na Facebook, su ɗora a jikin da ba nata ba, tsirara, cikin 'yan daƙiƙoƙi. A unguwannin cikin ganuwar Kano, inda kowa ya san gidan su kowa, irin wannan hoto kan gama zagaya WhatsApp kafin mai fuskar ta samu labari, wani lokaci har a fasa aurenta.

Fiƙihu bai san kwamfuta ba, amma ya san ƙazafi. Aya ta 4 a Suratun Nur ta yanke bulala 80 ga wanda ya jefi kamilar mace da zina bai kawo shaidu huɗu ba, ta kuma zubar da shaidarsa. A surar ne aka wanke Nana A'isha daga ƙagen da aka yi mata, kuma aya ta 19 ta yi gargaɗi ga masu son alfasha ta yaɗu cikin muminai. Mai turawa gaba, ke nan, ba ɗan kallo ba ne.

Mazhabar Malikiyya, wadda ake karanta Risala da Muhtasar ɗinta a zaurukan birni, ta tsananta a nan: ko da habaici aka yi jifan, muddin an gane zina ake nufi, haddi ya hau. Hoton da aka haɗa don ya nuna mutum cikin zina kuwa ya wuce habaici. Idan tsiraici kawai ya nuna, ko sharuɗɗan haddi ba su cika ba, akwai ta'aziri, wato horon da alƙali ya ga ya dace.

Ita wadda aka haɗa wa hoton babu komai a kanta. Zina tana tabbata ne da shaidun gani da ido huɗu, ko iƙirari, ko ciki ga marar miji a wajen Malikawa. Hoto ba ya cikin waɗannan.

Kano ta kafa dokar laifuffuka ta Shari'a a 2000, kuma kotuna irin ta Ƙofar Kudu suna aiki da ita. Akwai kuma dokar tarayya ta laifuffukan intanet ta 2015, wadda aka gyara a 2024. Wahalar tana wajen gano wanda ya fara haɗa hoton, domin sau da yawa da sunan bogi yake fakewa, kuma iyaye kan zaɓi rufa asiri a kan zuwa kotu.