Farautar tagwayen baƙaƙen ramuka: Abin da ya sa masana taurari ke gadin haske ɗaya shekara da shekaru

A ranar 31 ga watan Yulin 2019, wani ɗigon haske da ke can ƙuryar sararin samaniya, wanda masana ke kira OJ 287, ya yi wata gagarumar walƙiya. Masana ba su yi mamakin walƙiyar ba, domin wata tawagar masu bincike ta riga ta faɗi ranar da za ta auku, kuma hasashenta bai kauce ba sai da 'yan sa'o'i. A cewar tawagar, abin da ke haddasa walƙiyar shi ne wasu baƙaƙen ramuka biyu masu girman gaske da ke zagaya juna.

Sai dai har yau ba a rufe muhawara a kan lamarin ba, kuma wannan muhawara ce ke nuna wahalar ɗaya daga cikin manyan farautar da ake yi a ilimin falaki.

Mene ne baƙin rami, mene ne kwesar?

Baƙin rami wuri ne da nauyi mai yawa ya cunkushe a ƙaramin fili, har ƙarfin janyowarsa ya kai ko haske ba ya iya kuɓuta idan ya faɗa ciki. Akwai ƙanana, waɗanda ke samuwa idan babban tauraro ya mutu. Akwai kuma ƙattai, waɗanda ke zaune a tsakiyar galaksi, wato gungun biliyoyin taurari irin wanda ranarmu take ciki. Na tsakiyar galaksinmu ya ninka rana nauyi sau miliyan 4. Na galaksin M87, wanda aka fitar da hotonsa a watan Afrilun 2019, ya ninka ta sau biliyan 6.5.

Shi kansa ramin ba ya haske. Amma idan iskar gas ta kewaye shi tana juyawa kamar faifai kafin ta rufta ciki, takan yi zafi har haskenta ya zarce na dukkan taurarin galaksin a haɗe. Irin wannan cibiya mai ƙuna ita ake kira kwesar. A 1963 ne masani Maarten Schmidt ya gano cewa wani ɗigo mai suna 3C 273, da ake yi wa kallon tauraro, yana da nisan da haskensa ke shafe fiye da shekaru biliyan 2 kafin ya iso duniya. Haske kuwa yana cin kusan kilomita tiriliyan 9.5 a shekara guda.

Me ya sa ake sa ran samun tagwaye?

Hotunan madubin hangen nesa sun nuna galaksi da dama suna karo suna haɗewa, kuma ta haka manya suka girma. Idan kowane yana da ƙaton rami a cikinsa, tilas ramukan biyu su gangara tsakiyar sabon gidan, su riƙa zagaya juna, daga bisani su zama ɗaya. Masana uku, Begelman da Blandford da Rees, sun tsara wannan bayani tun a 1980.

An ga matakin farko da hujja. A 2002 na'urar Chandra ta hukumar NASA ta Amurka ta nuna cibiyoyi biyu masu ƙuna a galaksin NGC 6240, tsakaninsu tafiyar haske ta kimanin shekaru 3,000. A 2006 kuma aka gano wasu biyu a galaksin 0402+379 da tazarar tafiyar haske ta shekaru 24 kacal.

Daga nan ne matsala ta taso. Ramukan na matsowa kusa ne ta hanyar watsar da taurarin da ke kewaye da su, suna rage wa kansu ƙarfin zagaye. Lissafi ya nuna idan tazararsu ta ragu zuwa tafiyar haske ta kusan shekaru 3, taurarin da za su watsar na iya ƙarewa, su maƙale a nan tsawon zamanin da ya fi shekarun sararin samaniya baki ɗaya. Saboda haka gano tagwaye masu kusanci sosai shi ne zai tabbatar da cewa suna tsallake wannan shinge. Idan kuwa aka neme su aka rasa, to akwai gyara a labarin da masana ke bayarwa kan yadda galaksi da ramukansu suka girma.

Yadda ake neman abin da ba a gani

Tagwayen da suka matso har suna gama zagaye cikin 'yan shekaru, babu madubin da zai raba su biyu a irin wannan nisa. Don haka alamu ake bi.

Alama ta farko ita ce launin haske. Kamar yadda jiniyar motar asibiti ke sauya amo idan ta tunkaro mutum da kuma idan ta wuce shi, haka hasken gas ɗin da ke tare da rami ke karkata zuwa shuɗi idan yana tahowa, zuwa ja idan yana komawa. Masana na duba ko wannan karkata tana kai da komo a kan tsari.

Alama ta biyu ita ce hasken da ke ƙaruwa yana raguwa a kan lokaci tsayayye. A 2015 tawagar Matthew Graham ta tace bayanan kwesar kusan 250,000 daga binciken Catalina, ta fito da PG 1302-102, wanda haskensa ke hawa da sauka duk bayan kimanin shekaru 5. A shekarar dai ta fitar da jerin guda 111 da ake zato.

Amma akwai tarko. Kowane kwesar haskensa na rawa haka kawai, ba tare da wani tsari ba. Ɗan kasuwa ya san wannan darasi. Tashin farashin tumatir da damina al'ada ce da ta maimaitu shekaru aru-aru, ana iya ɗora lissafi a kanta. Amma idan farashin wani kaya ya tashi sau biyu da tazara iri ɗaya, wanda ya zuba jarinsa bisa wannan kaɗai yana iya tafka asara, domin mai yiwuwa dace ne. Bayanan PG 1302-102 na farko ba su cika zagaye biyu ba, kuma da aka ƙara shekarun sa ido, wasu masu bincike sun ce ƙarfin alamar ya ragu. Idan aka duba kwesar dubu ɗaruruwa, dole wasu su yi kama da masu tsari bisa dace kawai.

Darasin OJ 287

Abin da ya fifita OJ 287 shi ne tsawon tarihinsa, domin yana cikin tsofaffin hotunan sama tun ƙarshen ƙarni na 19. A 1988 masana a ƙasar Finlan suka lura yana walƙiya duk bayan kimanin shekaru 12. Bayanin da Mauri Valtonen da abokan aikinsa suka gina shi ne, wani rami mai nauyin rana miliyan 150 yana zagaya wani mai nauyin rana biliyan 18, yana huda faifan gas ɗinsa sau biyu a kowane zagaye, kowace huda kuma walƙiya ce.

A ranar da aka yi hasashe a 2019, OJ 287 yana kusa da rana a sararin sama, madubai na doron ƙasa ba sa iya kallonsa. Na'urar Spitzer, wadda ke can nesa da duniya, ita ce ta kama walƙiyar.

Duk da haka, a 2023 wata tawaga ƙarƙashin Stefanie Komossa a Jamus ta ce walƙiyar da ake jira a watan Oktoban 2022 ba ta bayyana ba, kuma a lissafinta nauyin babban ramin bai wuce na rana miliyan 100 ba. Tsakanin biliyan 18 da miliyan 100 akwai tazara mai faɗi, kuma ɓangarorin biyu na ci gaba da kare matsayinsu.

Shaida ta wata kafa

Tagwayen ramuka na girgiza sararin samaniya kansa, kamar yadda dutse ke tayar da igiya a tafki. A ranar 14 ga Satumban 2015 na'urar LIGO ta kama irin wannan igiya daga haɗewar ƙananan ramuka biyu, kowannensu mai nauyin rana kusan 30. Igiyar ƙattai kuwa tana ɗaukar shekaru kafin ta yi hawa da sauka ɗaya, LIGO ba ta jin ta.

Dabarar da aka samo ita ce amfani da wasu matattun taurari da ake kira pulsa, masu juyawa suna aiko da sigina a kan lokaci kamar agogo. Idan igiya ta ratsa, siginar kan ɗan yi gaggawa ko jinkiri. A watan Yunin 2023 ƙungiyar NANOGrav, bayan shekaru 15 tana sa ido kan pulsa 68, ta sanar da alamun wani guɗa da ya cika sararin samaniya, kuma tawagogin Turai da Indiya da Ostareliya da Sin sun fitar da sakamako makamancin haka. A Disamban 2024 na'urar MeerKAT mai faranti 64 da ke Afirka ta Kudu ta ƙara nata. Mafi rinjayen bayani shi ne hayaniyar ɗimbin tagwayen ramuka ce a haɗe, kamar guɗar kasuwa da ake ji daga nesa ba tare da an ware muryar mutum ɗaya ba.

Abin da ya rage

Aikin da ke gaba shi ne ware murya ɗaya, a nuna kwesar ɗin da take fitowa. Cibiyar Vera Rubin da ke ƙasar Chili, wadda ta fitar da hotunanta na farko a Yunin 2025, an tsara ta ne ta riƙa ɗaukar hoton sararin kudu duk bayan 'yan kwanaki har tsawon shekaru 10. Hukumar sararin samaniya ta Turai kuma ta amince da aikin LISA a Janairun 2024, kumbo uku da tazarar kilomita miliyan 2.5 a tsakaninsu, da ake sa ran harbawa wajen 2035.

Kafin nan, duk lokacin da mai karatu ya ci karo da labarin cewa an gano tagwayen baƙaƙen ramuka, tambayoyi biyu sun ishe shi awo: sau nawa aka ga zagayen ya maimaitu, kuma shin an faɗi abin da zai faru tun kafin ya faru? Ramin da ke zagaye cikin shekaru 12 yana buƙatar shekaru 60 kafin a ƙirga masa zagaye biyar. Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse, kuma a wannan fage wanda ya hura wutar ba lallai ne shi zai sha romon ba.