Haƙar Kwal: Diyya Tana Wuyan Wa In Ƙasa Ta Lotsa?

Kwal ɗin Maiganga ta Jihar Gombe, maƙwabciyar Bauci, daga sama ake yaye ƙasa a kwashe shi. Amma inda kwal ya yi zurfi, manyan kamfanoni sun fi son hanyar da ake kira "dogon bango": inji yana yankar kwal, ginshiƙan ƙarfe suna tallafe da rufin rami suna matsawa gaba, rufin da aka bari a baya kuma ya rufta. Daga nan doron ƙasa kan lotsa, gidaje su tsage, rijiyoyi su ƙafe.

Nijeriya ta taɓa gwada wannan hanya a Inugu, inda kamfanin KOPEX na ƙasar Polan ya kafa injuna a shekarun 1970, amma aikin bai ɗore ba.

A yankin Ruhr na Jamus kuwa, wasu wurare sun lotsa fiye da mita 20. An rufe mahaƙa ta ƙarshe a 2018, amma har yau ana kashe kuɗi wajen zuƙe ruwa don kada ya malale garuruwa.

Saboda haka, mai shirin zuba jari a kwal ya fara sanin wanda zai biya diyyar gidaje da gonaki. Ba a fafe gora ranar tafiya.