Ƙusa biyar ma sai da fakiti?

In ƙyauren shago ya ɓalle ko rumfa ta fara yoyo, mukan garzaya sabbin kantunan kayan gini. Ƙusa biyar muke so, a ce mana sai dai fakiti. Ba tayi, ba bashi, yaron kanti kuma bai san ƙusar kwano ba.

A kasuwar Katako ta Yamai kuwa, mai kayan ƙarfe zai duba tsohon kwaɗon Hajiya ya zaɓo mata irinsa, ya ƙirga ƙusar dala goma, ya ce: "In kin samu ki kawo."

Amma fa araha ba ta ado. Wayar lantarki ta jabu kan cinye rumfa da jari a dare guda. Ita kam, mu saye ta inda ake ba da takardar shaida, ko da tsada.