Agadas da Ruwan da Ke Zuwa Ba Hadari

Baƙon da ya sauka Agadas a watan Mayu, in aka ce ya lissafa abubuwan da ke iya hallaka mutum a garin, zai fara da rana, ya bi da ƙishirwa, wataƙila ya ƙara da hanyar Dirku zuwa Libiya. Ruwa ba zai faɗo masa a rai ba, kuma ba a ga laifinsa ba. Abin da sama ke zubarwa a Agadas shekara guda cur bai cika wuce milimita 150 ba, alhali Kano takan samu ninki biyar na haka ko fiye. Sai dai wanda ya kwana a garin a farkon Satumbar 2009, cikin watan azumi, ba zai yarda da wannan lissafi ba. Ruwa ya sauka kan duwatsun Abzin, ƙoramar Telwa ta cika ta batse, ta fasa madatsar da aka yi don kare gari, ta shigo unguwanni. Dubban gidajen ƙasa suka narke, garake suka tafi, dabbobi suka tafi, iyalai suka koma kwana a azuzuwan makaranta.

Abin da ya kamata kowane mazaunin garin ya riƙe shi ne, ruwan da ke cin Agadas ba lalle ne a Agadas aka yi shi ba. Abzin dutse ne, dutse kuwa ba ya shan ruwa. Duk ɗigon da ya sauka a kansa gangarowa yake yi, kwazazzabai su tara shi, wasunsu su miƙa wa Telwa, ita kuma ta ɗauko shi ta Dabaga, ta Azel, ta nufo gari. Yana iya isowa sa'o'i bayan an ɗauke ruwan a can, a daren da sararin Agadas ke cike da taurari, ko yayyafi ba a yi ba. Mutumin ƙasar noma ya saba duban gabas, in ya ga hadari ya kintsa. A nan duban sama kaɗai ba ya wadatarwa.

Kuma Telwa ba abokiyar gaba ba ce. Ita ce ke cika rijiyoyin da ake ban ruwan garake da su, ita ce ke ƙosar da ruwan ƙarƙashin ƙasa da gari ke dogaro da shi. Shekarar da ba ta zo ba kowa ya san abin da ke biyo baya. Shi ya sa ranar da aka ce "Telwa ta zo" sai ka ga mutane sun ɗunguma bakinta kallo, manya na hamdala, yara na tuɓe riga. Murnar tana da dalili. Hatsarin shi ne zuwan farko shi ya fi muni: ruwa ne mai kauri da laka, ɗauke da kututtura da duwatsu da mushen dabbobi, yana kuma zaizayar gaɓa daga ƙasa. Gaɓar da mutum ke tsaye a kanta yana ɗaukar hoto da salula tana iya zama rataye, ba abin da ke riƙe da ita. Kallo daga nesa ya isa, yaro kuma bai da abin yi a ƙorama ranar farko.

Ga masu ƙetarawa. Direban da ya kwaso fasinja yana sauri, ko ɗan kabu-kabun da ba ya son ya rasa kuɗin yini, yakan dubi ruwa ya ce ai bai kai gwiwa ba. Ruwa mai gudu da zurfinsa bai wuce santimita 15 ba, wato ɗan sama da idon sawu, yana iya kayar da ƙato. Santimita 30 na iya ɗaga ƙaramar mota, santimita 60 kuwa na tafiya da manyan motocin sahara da ake taƙama da su. Dalili a fili yake: ruwan da zai cika akwati mai mita ɗaya tsawo, faɗi da zurfi, nauyinsa tan guda ne, ga shi kuma yana gudu. Ban da haka, ba ka ganin ƙasa. Wurin da ka bi da safe yana iya zama rami da la'asar. Ruwan ƙorama ba ya daɗewa, sau da yawa 'yan sa'o'i ne ya janye. Fasinjan da ya ga direba zai kutsa, ya sauka, ko da za a kira shi matsoraci.

Amma me ya sa abin ke ƙara tsanani? Abu biyu ne suka haɗu. Na farko, yanayin ruwan kansa ya sauya. Wani bincike da aka wallafa a 2017 ya nuna cewa manyan haduran da ke juye ruwa mai yawa a lokaci guda a yankin Sahel sun ninka uku tun daga 1982. Ba wai damina ta yi tsawo ba ce, a'a, abin da ake samu cikin makonni ne ke sauka cikin dare ɗaya. Daminar 2024 ta nuna wa kowa haka: a faɗin Nijar mutum sama da 300 suka rasu, sama da miliyan ɗaya abin ya shafa, tsohon masallacin Birni na Damagaram ya rushe ranar 3 ga Satumba, har gwamnati ta ɗage komawa makarantu zuwa 28 ga Oktoba domin azuzuwa cike suke da waɗanda suka rasa matsuguni. Tsohon garin Agadas ma bai tsira ba.

Na biyu, garin ya faɗaɗa cikin shekarun da ƙoramu ke barci. Farin 1973 da na 1984 sun koro makiyayan da suka rasa dabbobinsu zuwa gefen gari. Yaƙin Libiya na 2011 ya maido da wasu. Zinariyar Jado da aka gano a 2014 ta jawo dubbai, ga matafiyan da suka yada zango suka zama 'yan gari. Ƙidayar 2012 ta samu mutum kusan 120,000, yau kuwa kowa ya san an wuce nan nesa. Duk waɗannan mutane wurin kwana suke nema, kuma filin da ya fi araha, ko wanda ba mai hana ka kafa bukka a cikinsa, shi ne na kwari. Mai sayarwa zai ce maka shekara ashirin ruwa bai bi ta nan ba. Yana iya zama gaskiya ya faɗa. Shekara ashirin ba komai ba ce a wurin ƙorama. Kafin ka biya kuɗin fili, tambayi dattawan unguwa inda ruwan 2009 ya tsaya, ka dubi ƙasar: lallausan yashi mai shimfiɗe, da duwatsun da suka goge suka yi sumul, da layin itatuwan da suka fi na kewaye kore, duk shaida ce cewa hanyar ruwa ce.

Ba Agadas kaɗai ta yi wannan kuskure ba, kuma ba talauci kaɗai ke jawo shi ba. Alhazan 2009 suna tuna ranar 25 ga Nuwamba, ranar fita Mina, da ruwan 'yan sa'o'i ya kashe mutum sama da 100 a Jidda. Unguwannin da abin ya fi shafa a bakin kwaruruka aka gina su.

Mu dawo cikin gida, domin a nan ne kowa ke da abin yi da hannunsa. Ginin ƙasa ba shi ne matsala ba. Hasumiyar babban masallacin Agadas, mai tsawon mita 27, da ƙasa aka yi ta a wajajen 1515, aka sake gina ta a 1844, ga ta nan tsaye har UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya a 2013. Ba ta tsaya don ƙasarta ta fi ta kowa ba. Ta tsaya ne don ana yaɓe ta, itatuwan nan da suka fito daga jikinta ma matakalar magina ce. Gidan ƙasa da aka daina yi wa yaɓe ya fara mutuwa, ko da mai shi bai lura ba.

Ta wuri biyu ruwa ke kashe gidan ƙasa: ta ka da ta gindi. Ta ka, lissafin mai sauƙi ne. Milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita guda ce. Soro mai murabba'in mita 40, in aka yi ruwan milimita 50, ya karɓi lita 2,000, wato duro goma, nauyin tan biyu. In indararo ya toshe da leda ko sheƙar tsuntsu, duk wannan a kan azara zai kwanta, azarar da wataƙila gara ta riga ta cinye cikinta. Hawa soro a share shi, a toshe tsaga, a tabbata indararo ya zarce jikin bango sosai, aikin yini guda ne a watan Yuni.

Ta gindi ta fi yaudara. Ruwan da ya kwanta a jikin katanga yana tsotsuwa sama a hankali, tubalin ƙasa ya jiƙe ya rasa ƙarfi, nauyin ginin kuma yana nan a kansa. Shi ya sa bango ke faɗuwa kwana ɗaya ko biyu bayan ruwa, rana na haskawa, mutane sun saki jiki sun shimfiɗa tabarma a inuwarsa. A nan ne nake da ja da wata al'ada da ta zama gaye, wato shafe bangon ƙasa da siminti. Ido yana ganin kyau, amma siminti da ƙasa ba sa kama juna. Da zarar ya tsage, ruwa ya shiga ta baya, ba shi da hanyar fita, bangon ya riƙa ruɓewa a ɓoye har ranar da zai zube gaba ɗaya. Ƙwanƙwasa shi ka ji: in ya yi amon fanko, ya rabu da bango. Mai ɗan hali gara ya kashe kuɗin simintin a tushe, ya ɗaga gindin gini da dutse, ya yi dakalin da zai karkatar da ruwa daga jikin katanga. In kuwa aka ga sabuwar tsaga, ko ƙofa ta fara ƙin rufuwa, ko ƙasa na zubowa daga rufi, a fitar da yara da tsofaffi a daren, kaya su jira safiya.

Sai maganar leda. Wata tara ba a ruwa, don haka magudana takan zama juji, iska ta cika sauran da yashi. Ranar da ruwa ya zo ya tarar an toshe masa hanya, sai ya shiga gidan da ya fi kusa, wanda sau da yawa ba shi ne gidan mai zubar da sharar ba. Haka wanda ya tara ƙasa a ƙofarsa ya tura wa maƙwabcinsa ruwa. Wannan ba dabara ba ce, cutar maƙwabci ce, kuma malamai sun san hukuncinta. Gayyar yashe magudana a yi ta kafin ruwan farko, abin da aka yaso kuma a kwashe shi, don in aka bar shi a baki komawa zai yi.

Bayan ruwa ya janye, sauran aiki. Masai ya cika ya haɗu da rijiya, daga nan amai da gudawa ke farawa: a tafasa ruwan sha ko a sa masa maganin tsarkakewa. Kada a taɓa wayar lantarkin da ta faɗo, kada a shiga ruwan da take ciki. Kunamu da macizai ma tudu suke nema, a kakkaɓe shimfiɗa da takalma. Sauro zai biyo baya cikin mako biyu, a ɗaura gidan sauro. Lambar 'yan kwana-kwana 18 ce, ta 'yan sanda 17.

Duk wannan bai sauke wa hukuma nauyinta ba, kuma faɗakarwar da ta tsaya kan talaka kaɗai rabin magana ce. Ba mai gida ne zai gyara madatsar Telwa ba. Duba ta kowace shekara kafin Yuli, da hana kwasar yashi da dutse a gindinta, aikin ma'aikatar magajin gari ne da gwamnatin jiha. Su ne kuma ya kamata su fitar da taswirar wuraren da ruwa ke ci, su manna ta inda mai sayen fili zai gani, su daina sa hannu a takardar filin kwari. Wanda ya riga ya zauna a can, cewa "tashi" ba ta isa ba. In aka ba shi fili a bayan gari inda ba famfo, ba makaranta, ba kasuwa, zai sayar ya dawo, kuma ba don taurin kai ba.

Akwai kuma abin da ba ya buƙatar kasafin kuɗi. Tun da ruwan daga Abzin yake tasowa, mutanen Dabaga da Azel suna ganinsa kafin mutanen gari. A ce kowace unguwa ta bakin ƙorama tana da mutum biyu ko uku da aka sani, masu lambar wani amintacce a can sama, su kuma suna da lambar mai unguwa, da ta ladanin da ke riƙe da lasifikar masallaci, da ta gidan rediyo. A kuma yanke tun watan Yuni wace makaranta ko wane tudu za a nufa, ta wace hanya, wa zai ɗauko tsohuwar da ba ta iya tafiya, takardun gida da na haihuwa kuma suna ƙulle cikin leda a wuri guda da kowa a gidan ya sani. Fadar Sarkin Abzin da masu unguwanni suna da faɗa a ji da za su tsara wannan cikin zama ɗaya, a riƙa sabunta lambobin kowace shekara kafin damina.