Kwartowa: Gaskiya da Ƙarya a Kan Ɗan Itacen Hamada

Ana yawan yaɗa magana a WhatsApp da bakin masu tallar magani cewa kwartowa, wadda Larabawa ke kira hanzal, tana warkar da ciwon suga gaba ɗaya, tana wanke ciki, har ma tana kashe ciwon daji. A cikin zancen akwai gaskiya, kuma gaskiyar ce ta sa ƙaryar da ke tare da ita ta zama mai haɗari.

Kwartowa 'yar dangin kankana ce da guna da kabewa. Tana yaɗo a kan rairayi, saiwarta mai kauri tana nutsawa can ƙasa neman laima, shi ya sa take rayuwa daga Sahara zuwa ƙasashen Larabawa, Iran da hamadar Indiya, inda wasu tsirrai ba sa kai labari. Ɗanta bai wuce girman lemo ba, kore mai zane-zane, idan ya nuna ya koma rawaya. Ɗacinsa sananne ne tun da, har an buga misali da shi a hadisi. Ɗacin nan kuwa daga wasu sinadarai yake da ake kira kukurbitasin, waɗanda tsiron ke kare kansa da su daga dabbobi, kuma sun fi taruwa a farin naman da ke cikin ɗan.

Cewa tana sa gudawa gaskiya ne, likitocin da irin su Ibn Sina sun san ta da haka. Amma yadda take yin aikin shi ne abin tsoro. Sinadaran suna ƙona fatar cikin hanji ne, hanjin ya kumbura ya yi ta zubar da ruwa. Abin da mutum ke ɗauka "datti ne ke fita" rauni ne ake yi masa. Likitoci a Faransa, Saudiyya da Iran sun rubuta labarin marasa lafiya da aka kawo musu suna gudawar jini bayan sun sha ta. Idan abin ya yi yawa, ruwan jiki ya ƙare, jini ya faɗi, ƙoda da hanta su taɓu. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta hana sa ta cikin magungunan da ake sayarwa ba da takardar likita ba tun 1991.

Batun ciwon suga ya fi buƙatar natsuwa, domin nan ne mutane suka fi shiga uku. A 2009 an wallafa wani gwaji da aka yi a Iran kan masu ciwon suga 50, aka ba rabinsu ƙwayar maganin kwartowa ta miligiram 100 sau uku a rana har wata biyu, kuma sugan jininsu ya ɗan sauka. To, miligiram 100 kashi ɗaya ne cikin goma na giram. Ba a auna wannan da tafin hannu ko da cokali. Waɗannan mutanen kuma ba su daina shan maganinsu na asibiti ba, likitoci na duba su, kuma babu wanda aka ce ya warke. Ƙarfin sinadarin ma yakan bambanta daga wannan ɗan zuwa wancan, don haka awon da bai cuci maƙwabcinka ba zai iya kwantar da kai. Mai ciwon suga da ya ajiye insulin ya kama kwartowa ya haɗa wa kansa masifa biyu, ga suga na hawa, ga gudawa na tsotse ƙodar da dama ciwon ya raunana. Taka ta da ƙafa har a ji ɗaci a baki, wanda wasu ke yi, shi ma ba ya warkar da suga.

Maganar daji gajeriya ce. Kukurbitasin na kashe ƙwayoyin daji a ɗakin gwaji, amma yana kashe lafiyayyu ma, kuma kwartowa ba ta cikin magungunan daji da asibitoci ke bayarwa.

Wasu na cewa dafawa na kashe dafin. Ƙarya ne, wuta ba ta lalata waɗannan sinadarai. A 2015 wani dattijo ɗan shekara 79 ya rasu a Jamus bayan ya ci dafaffiyar kabewa mai ɗaci da ke ɗauke da irinsu. Mai juna biyu kuwa kada ta kusance ta ko kaɗan, domin tana iya zubar da ciki ta kuma tafi da uwar. Haka mai shayarwa da ƙananan yara.

Inda aka zalunci tsiron shi ne cewa komai nasa guba ne. Ƙwayar cikinsa abinci ce mai mai da furotin, kuma Tubawa na Tibesti da kewaye sun daɗe suna tara ta, su raba ta da naman, su wanke su tafasa har ɗacin ya bi ruwa ya fita sannan su ci. Wannan aiki ne na gwanaye da suka gada. Agushin miyarmu kuma ba kwartowa ba ne, duk da wasu rubuce-rubuce na cakuɗa sunayensu, 'yan uwa ne kawai, ba abin fargaba a cin sa.

Wanda ya riga ya sha kwartowa, ya ji murɗar ciki mai tsanani, amai, gudawa da jini, jiri ko ƙarancin fitsari, a ba shi ruwan gishiri da suga a garzaya da shi asibiti, a tafi da ragowar abin da ya sha domin likita ya gani.